Ɗanka na wanke tankin mai a Bur Sudan: wa zai biya in jininsa ya lalace?

'Yan'uwa mutanen Makwar, Mai Wurno da ƙauyukan Jazira, tun da aka fara fitar da ɗanyen mai ta tashar Basha'ir a 1999, wasu samarinmu sun bar gona sun tafi Bur Sudan neman abinci. Wasu na lodin jiragen dakon mai, wasu na shiga cikin tanki su wanke shi.

Tururin da suke shaƙa yana ɗauke da sinadarin benzin, guba ce da ke cikin ɗanyen mai da man mota. Takan fara da jiri da ciwon kai, sannan ta ci ɓargo, har ta kai ga sankarar jini. Ciwon kan ɓuya shekaru. Sai mutum ya dawo gida yana ta ramewa, a ce sammu ne, alhali ba shi da ko takarda ɗaya da ke nuna inda ya yi aiki.

Yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya mai lamba 136, ta 1971, ta ce a gwada jinin ma'aikaci kafin ya fara aiki, a kuma riƙa maimaitawa, ba tare da ya biya ko girshi ba. Dokar ƙwadagonmu ta 1997 ma ta ɗora wa mai ba da aiki kare lafiyar ma'aikacinsa. Gwamnati mai ci ta karɓi kuɗin mai. Wa ta tura ya duba jinin 'ya'yanmu?

Iyaye, ku ce wa 'ya'yanku su adana takardar aiki da ta asibiti. Jam'iyyarmu za ta tilasta gwajin jini kyauta da diyya ga wanda ya kamu. Ranar zaɓe, ku ba mu ƙuri'unku.