Abokin Tafiya Rabin Guzuri Ne

Sau da yawa idan yaro zai yi tafiya, akan ja masa kunne cewa kada ya kula kowa a mota. A ganina wannan gargaɗi yana bukatar gyara, ga kuwa dalilina.

A dogon hutun 2024, bayan mun gama maimai a gonarmu ta gero, Baba ya yarje mini in ziyarci gwaggona a Damagaram, cikin Jamhuriyar Nijar. A watan Maris na shekarar aka sake buɗe iyaka, wadda aka rufe bayan juyin mulkin Nijar na 2023. Na shiga mota a Ɗambatta, muka bi ta Kazaure da Daura. Kusa da ni akwai wani dattijo bafatake. Na gaishe shi, hira ta ɓarke.

Da muka doshi Kwangwalam, sai wani saurayi mai fara'a ya miƙo mini ƙunshi, wai in riƙe masa har mu wuce 'yan kwastan. Dattijon nan ya dafa ni, ya ce, "Ɗana, kada ka karɓi kayan da ba ka ga cikinsa ba." Na ce, "To, Baba." Saurayin ya ɗaure fuska, bai sake tanka mini ba.

A Matamaye mai fura ta ce kuɗinta dala arba'in. Gabana ya faɗi, don na zaci dalar Amurka take nufi! Dattijo ya yi dariya, ya ce a can sefa 5 ake kira dala, watau sefa 200 ke nan. Shi ne kuma ya gaya mini Damagaram ce hedkwatar Nijar kafin Faransawa su mayar da ita Yamai a 1926. Saboda haka da na je ganin fadar Sarki a Birni, na san abin da nake kallo.

Ban ce iyayenmu ba su da hujja ba, domin macuta suna nan. Amma da na kame bakina tun daga Ɗambatta, wa zai tsawatar mini? Gara a koya mana gaida manya, da zama kusa da su, da ƙin karɓar ajiyar baƙo.

Mu kuma ɗalibai, mu rage duƙufa a kan waya cikin mota. Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilimi, amma ilimin nan a bakin mutane yake. Allah Ya haɗa mu da abokan tafiya nagari, amin.