Wuta Muke So, Ba Ɓata Ganuwa Ba

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai da samarin ma'aikata, wanda ya fita ta Ƙofar Gayan ya bi hanyoyin ƙafa da ke gefen ganuwa zuwa gonaki, me idonsa ke gani? Turakun siminti, da wayoyi sun yi saƙar gizo, da taransifoma a tsugune inda manomi ke wucewa da jakinsa.

Ba wanda ke ƙin wuta. Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968, aka kafa NEPA a 1972, kowane gida a Zazzau ke begen haske. Amma ganuwar da ake dangantawa da zamanin Sarauniya Amina ba juji ba ce da kowa zai kafa ƙarfensa a gindinta, hanyar talaka kuma ba filin banza ba ce.

A kafa tashar rarraba wuta nesa da ganuwa, a kewaye ta da darbejiya, a bar wa mai tafiya hanyarsa. Gobe ku ne injiniyoyi, ku ne masu sa hannu a taswira. Kafin ku sa hannun, ku taka hanyar da ƙafarku.