Kafin Mu Rubuta Wa Yara, Mu Fara Riƙe Almakashi

 

A watan da ya gabata wasu daga cikinmu 'yan ƙungiya muka kai ziyara sashen yara na wani ɗakin karatu a garinmu, da niyyar karanta musu labari. Mun tafi da ƙwarin gwiwa, domin labarin ɗaya daga cikinmu ce ta rubuta shi, mun tace shi a zamanmu har sau biyu, kowa ya yaba. Aka zaunar mana da yara kusan ashirin a kan tabarma. Ba a kai ƙarshen shafi na biyu ba aka fara zungurin juna. Wani yaro ya miƙe ƙafa ya kwanta abinsa. Wata yarinya ta ɗaga hannu, muka yi murna za ta yi tambaya, ashe fitsari take ji. Muka daure muka kai ƙarshe don kada a ce mun gudu.

Ma'aikaciyar sashen, wata dattijuwa da ta daɗe tana koyarwa a firamare, ba ta ce mana uffan ba. Ta shiga bayan kantar littattafai ta jawo wani allo da aka lulluɓe da tsohon bargo, ta jingina shi da kujera, ta zauna da ambulan a cinyarta. Ta zaro wani ƙyalle da aka yanka da siffar Gizo ta ɗora a jikin bargon, ya tsaya cak, ba ƙusa ba gam. Yaron nan da ya kwanta ya tashi zaune. Minti goma ta yi tana ba su tatsuniyar Gizo da hankaki, ba wanda ya motsa sai in za a amsa mata.

Da yaran suka watse muka ce, "Hajiya, mu ina muka kuskure?" Ta ce, "'Ya'yana, ku lissafo mini mutanen labarinku in yanka su." Muka lissafa goma sha ɗaya. Ta ce, "To, wa zan fara ɗorawa, kuma me zai yi in na ɗora shi?" Nan muka tsaya muna kallon juna. A shafi biyun farko babu wanda ya yi komai. Bayanin gida ne, da bayanin kyawun yarinya, da nasihar mahaifiyarta.

Abin da muke son mu faɗa a wannan mako ke nan: duk wanda yake son rubuta wa yara labari a cikinmu, ya fara yanka labarin nasa da almakashi ya ɗora a allon bargo kafin ya kai shi maɗaba'a ko ya sake shi a waya. Ba mu san wani edita mai arha da rashin kara kamar wannan allo ba.

Ga wanda bai taɓa ganinsa ba, abu ne mai sauƙi. Allo ne da aka lulluɓe da yadi mai gashi-gashi, sai a yanka mutane da dabbobi da bishiyoyin labarin da wani yadi mai kaushi wanda ba ya warwarewa idan an yanka shi, wanda Turawa ke kira felt. Gashin wannan yana sarƙewa da gashin wancan, shi ya sa abin ke maƙalewa, kuma a cire shi ba wahala. A ɗakunan karatu na Amurka da Ingila, inda ake ware lokacin ba ƙananan yara labari duk mako, wannan allo tsohon kayan aiki ne, ma'aikatan da kansu suke zama su yanka abubuwan. Majami'u sun daɗe suna amfani da shi wajen koya wa yara ranar Lahadi. Waɗanda suka yi kwalejin ilimi a cikinmu kuma za su tuna da shi a darasin kayan koyarwa, ko da sun haddace shi ne kawai don jarrabawa.

Haɗa shi ba ya cin kuɗi. A samu kwali mai kauri, irin na firji ko talabijin, ko falankin katako marar nauyi, tsawonsa kamar santimita 90, faɗinsa 60. A shimfiɗa masa tsohon bargo mai launi ɗaya, baƙi ko shuɗi mai duhu ya fi, a ja shi ya miƙe sosai, a naɗe bakin ta baya a kafe. Bargo mai zanen fure ba ya yi, domin idon yaro zai rasa Gizo a cikin furannin. Idan za a yi amfani da shi a jingina shi ya ɗan kwanta baya, kada a tsayar da shi ƙyam.

Wajen yanka abubuwan, a fara zana siffar a takarda, a yanke, a ɗora a kan yadin a bi gefenta da biro, sannan a sa almakashi. Wanda bai samu yadin felt ba kada ya fasa. Ya zana a kwali marar nauyi, ya shafa launi, ya manna guntun sanfefa ta kafintoci a bayansa, ɓangaren kaushin yana waje, zai kama bargo. Ragowar ƙyallayen da tela ke sharewa kullum sun isa a yi wa kowa riga da zane, a manna su a kan kwalin. Kowane abu ya kai girman tafin hannun babba ko ya fi, don yaron da ke can baya ya gani. A guji maɓalli da duwatsun ado a matsayin ido, domin ƙananan yara baki suke kai komai. Mun kuma koya da kanmu cewa fanka abokiyar gabar wannan allo ce: a zamanmu na gwaji iska ta kwashe mana hankaki biyu ana tsakiyar labari. Idan an gama, kowane labari a ba shi ambulan ɗinsa, a rubuta sunansa da adadin abubuwan da ke ciki.

To, me marubuci zai ƙaru da shi a wannan aiki da ya yi kama da wasan yara?

Mu ɗauki tatsuniyar da Hajiya ta bayar. Yadda aka fi saninta, Gizo ya ga hankaki suna cin ɓaure, ya roƙe su su kai shi inda suke samowa. Bishiyar a tsakiyar kogi take, shi kuma ba ya tashi, sai kowane hankaka ya cire gashi ɗaya ya ba shi. Da aka isa, haɗama ta motsa, duk ɓauren da wani ya nufa sai Gizo ya ce shi ya riga ganinsa. Hankaki suka fusata, kowa ya zare gashinsa, suka tashi suka bar shi a kan bishiya, ruwa ta ko'ina. Ku duba abin da hannun mai ba da labari yake yi. Ana ɗora gashi ɗaya bayan ɗaya a jikin Gizo, yara suna ƙirgawa. Ana ciro ɓaure daga bishiya ana tarawa a gabansa. Sannan ana zare gashin nan ɗaya bayan ɗaya har ya koma tsurarsa. Babu jimlar da Hajiya ta furta wadda hannunta bai samu aikin yi ba. Ba ta kuma tsaya ta ce wa yaran haɗama ba ta da kyau ba. Sun ga Gizo shi kaɗai a kan reshe, wani yaro da bakinsa ya ce, "Maganinsa ke nan."

Yanzu mu ɗauko irin buɗewar da muka saba da ita. Mota ta faka a harabar wani tanƙamemen gida, sai shafi uku na dogon hanci da dara-daran idanu da gashi har gadon baya. Idan ka yanka wannan baiwar Allah ka ɗora ta a allo, za ka tsaya riƙe da hannunka minti biyar ba abin da ya motsa. Babban mai karatu yana iya yi maka kara, ko ya tsallake shafin ba ka sani ba. Yaro ɗan shekara biyar tashi zai yi.

Allon yana tilasta maka ka ƙirga mutanenka, domin kowane ɗaya sai ka zauna ka yanka shi. Idan ka kai na takwas yatsunka suka fara ciwo, da kanka za ka tambayi kanka ko ƙanwar kishiyar maƙwabciya tana da aikin yi a labarin nan. Mu daga goma sha ɗaya muka dawo huɗu, labarin bai rasa komai ba. Yana kuma nuna maka inda ka yi tsalle. Idan yarinya tana gida a wannan jimla, a ta gaba tana bakin rijiya, dole hannunka ya ɗauke ta ya kai ta, kuma in ba ka faɗi dalilin tafiyar ba yara za su tambaye ka nan take. Maimaici ma, wanda muke gogewa a rubutun manya don gudun a ce mun cika surutu, a nan za ka ga amfaninsa: hankaka na uku bai gama zare gashinsa ba yara sun karɓe maganar daga bakin Hajiya suna faɗa tare da ita.

Mun san za a ce mu marubuta ne, ba malaman nasare ba. Mu tuna daga inda rubutun zube na Hausa ya taso. Gasar da Rupert East ya shirya a 1933, wadda ta fito da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar, an yi ta ne don a samar wa masu koyon boko abin karantawa. Magana Jari Ce da Abubakar Imam ya fara fitarwa a 1937 'yan makaranta aka nufa da shi, kuma har yau ba mu ji wanda ya raina shi saboda haka ba. Ibrahim Yaro Yahaya, malamin jami'a ne sukutum, ya zauna ya tattara Tatsuniyoyi da Wasanni har littafi shida saboda yara. Daga shekarun 1980 zuwa yau alƙalumanmu sun karkata ga matasa da matan aure, kuma an yi aiki mai yawa a nan, ba mu raina ba. Amma ku shiga shagon littattafai ku nemi sabon littafin Hausa mai hoto na ɗan shekara huɗu zuwa bakwai, ku ga yadda za ku sha yawo. Yaron da bai ɗanɗani daɗin labari da Hausa yana ƙarami ba, da wuya ya nemi littattafanmu idan ya girma. Masu karatunmu na shekara goma sha biyar masu zuwa su ne waɗannan da ke kan tabarma.

Za a kuma ce zamani ya wuce nan, yara katun suke kallo a waya. Gaskiya ne suna kallo. Sai dai katun ba ya tsayawa ya ji amsar yaro, ba ya kuma miƙa masa Gizo ya ce zo ka ɗora. Allon bargo ba ya neman caji ko data, ranar da aka ɗauke wuta ma aikinsa yake yi. Kuma mafi yawan katun ɗin da ƙannenmu ke kallo ba da Hausa suke magana ba. A gaban allon nan muka ji yarinya ta tambayi mene ne ɓaure, aka nuna mata, ta tafi gida da kalma ɗaya da ba ta zo da ita ba.

Akwai damuwa ta uku wadda ba za mu tsallake ba, wato hukuncin surar abu mai rai. Mu ba malamai ba ne, ba za mu ba da fatawa a nan ba. Mun dai san malamai da yawa sun sassauta a kan kayan wasan yara, suna kafa hujja da 'yan tsanan Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, wasu kuma sun tsananta. Kowa ya tambayi malamin da ya amince da shi. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba yana iya yanka siffar ba tare da ido ko baki ba, yara suna gane Gizo da ƙafafunsa, suna gane kura da dabbare-dabbarenta. Yana kuma iya gina labarin a kan tulu da ƙwarya da wata da bishiyar kuka. Wannan ma horo ne mai kyau ga alƙalami.

Muna yara an tsorata mu da cewa wanda ya yi tatsuniya da rana ɓata zai yi. Lokacin akwai kaka a tsakar gida da dare, ga farin wata, ba a bukatar ta rana. Yau a gidaje da yawa daren ya zama na talabijin da waya, kakar ma tana can wani gari. Idan ba a yi ta da rana a ɗakin karatu ko a makaranta ba, tatsuniyar ce za ta ɓata.

Saboda haka ga aikin wannan mako. Kowa ya rubuta labarin yara wanda bai wuce kalma 300 ba, mutanensa kada su haura biyar. Ya yanka su, ko da kwalin sabulu ne da sanfefa. Idan babu allo, a rataya bargo a bayan kujera. A tara yaran gida ko na maƙwabta a ba su, a lura da daidai wurin da idonsu ya bar allon, domin nan ne gyaran yake. Wanda yake da ɗakin karatu kusa da shi ya je ya gaida ma'aikatan sashen yara, ya nemi izini, ya bar musu ambulan ɗin idan ya gama don wasu yaran su amfana.

Mu namu labarin mun sake rubuta shi, ya dawo shafi ɗaya da rabi. Hajiya ta ba mu Asabar mai zuwa mu sake gwadawa a gaban yaran nan dai da suka yi mana barci. Za mu kawo muku yadda ta kaya, ko da an sake neman izinin fitsari. Ku ma ku ajiye mana hoton abin da kuka yanka a ƙarƙashin wannan rubutu, tare da abin da yaran suka ce, mai daɗi da marar daɗi.

Allah Ya yi wa alƙalumanmu albarka, Ya raya mana yaranmu.