Ba a Yanke wa Auduga Ruwa Don Ta Yi Kore

Duk wanda ya taɓa aiki a hawasha ya san dokar ruwa. Tun da aka gama madatsar Sinnar a 1925 aka soma shayar da gonakin Jazira, tsarin shi ne kowace hawasha ta sha nata kamar sau ɗaya a kwana 14. Ruwa ya bar babbar tur'a ya shiga ƙarama, ya shiga abu ishirin, ya shiga abu sitta, sa'an nan ya kai gindin shuka. In ranar mutum ta zo, ko da biki a gidansa, ko bayansa na ciwo, zai saɓa fartanya ya tafi ya buɗe ruwa. Ba manomin da zai ce, "Audugar nan ta yi kore shar, bari in tsallake ruwan wannan karo." Da zai faɗi haka, maƙwabta sai su ce ya taɓu.

To, abin da ba mu yi wa auduga, shi muke yi wa jikinmu. Da zarar jiki ya yi ɗan kore, sai mu yanke masa magani.

Wasu ma'aikatan lafiya sukan ce mutanen ƙauye ba su da horo, ba su iya riƙe ƙa'ida. Ni ban yarda ba. Mutanen da kakanninsu suka taso a ƙafa daga ƙasar Hausa bayan yaƙin Burmi na 1903, suka biyo Muhammadu Bello Mai Wurno har bakin Kogin Nilu suka kafa gari, ba za a koya musu juriya ba. Matar da take tashi kafin asuba ta yi kisra ta kai kasuwa kowace rana ta Allah ba ta rasa horo ba. Masuncin da yake duba komarsa a kan lokaci a Rusairis bai rasa ba. Horon yana nan. Sai dai ba mu kai shi wurin magani ba, kuma ina ganin na san dalili. A gona akwai ranar da aka yanka, akwai kuma idon maƙwabci. A wurin shan magani babu ko ɗaya. Mutum ne shi kaɗai da ƙullin ƙwayoyinsa a ƙarƙashin matashi.

Mu ɗauki zazzaɓin cizon sauro, tun da shi ne ya fi cika mana benci daga tsakiyar damina zuwa kaka. Maganin da ake bayarwa yanzu, wanda aka fi sani da Coartem, sha shida ne cikin kwana uku. Babban mutum ƙwaya 4 kowane sha, duka 24. Sha na biyu bayan awa 8 da na farko, sa'an nan safe da yamma har kwana biyu. Ana so a sha shi da madara ko abinci mai maiƙo, don haka ne yake shiga jini da kyau. Magani biyu ne aka haɗa a ƙwaya ɗaya. Na farkon yana da sauri, yakan kashe yawancin ƙwayoyin cutar cikin kwana ɗaya ko biyu, shi ya sa zazzaɓi yake sauka mutum ya ji kamar an sauke masa kaya. Na biyun a hankali yake aiki, shi ne mai share sauran da suka ɓuya. Wanda ya tsaya a sha na uku ya yi noman fari ne ya ƙi maimai. Bayan mako biyu ko uku zazzaɓin ya dawo, sai a ce maganin asibiti ba shi da ƙarfi.

Na san inda sauran ƙwayoyin suke zuwa. Ana ajiye su don wani yaron, ko don maƙwabciya. Tausayi ne, ba mugunta ba, kuma wanda ya san tsadar magani a waɗannan shekaru ba zai yi saurin zargi ba. Amma rabin magani ga mutum biyu, marasa lafiya biyu ke nan da ba wanda ya warke a cikinsu.

Tarin fuka, wato tibi, ya fi wannan gwada mutum. Maganinsa wata 6 ne, kowace rana: wata 2 na farko magani iri huɗu, sauran wata 4 iri biyu. Cikin makonni kaɗan tari yakan ragu, gumin dare ya tafi, mutum ya soma cin asida da daɗi, har fuska ta ciko. Daidai nan ne muke rasa mutane. Lokacin tsinkar auduga ya zo, ko aikin ridi ya buɗe a Gadarif, mutum ya duba jikinsa ya ga ba abin da ke damunsa, ya hau mota. Ƙwayar tibi kuwa mai jinkirin girma ce, takan kwanta a huhu kamar ta mutu. Waɗanda suka tsira daga maganin da aka yanke su ne masu taurin kai, kuma in suka sake yaɗuwa maganin farko ba lalle ya ci su ba. Maganin irin wannan tibi ya fi wuya, ya fi wahalar da jiki, ba a kuma samunsa a ƙaramin asibiti. Abin da ya fi ban tausayi, wanda ya kawo shi gida shi zai tofa wa 'ya'yansa a ɗaki. (Af, in kana shan maganin tibi ka ga fitsarinka ya yi ja kamar ruwan karkade, kada ka tsorata. Launin ɗaya daga cikin ƙwayoyin ne, ba jini ba. Amma in idanu suka yi rawaya, ko amai ya ƙi tsayawa, ka zo a ranar.)

Hawan jini da ciwon sukari kuwa ba su da ranar gamawa. Su ne hawashar da ake shayarwa har iyakar rai. Maganin hawan jini ba na ranar ciwon kai ba ne, na kullum ne.

Yanzu ga abin da nake so in roƙe ku. Ban ce ku ƙara niyya ba. Kowa yakan bar asibiti da kyakkyawar niyya, niyya kuwa takan narke a kwana na huɗu. Abu biyu nake roƙo, su ne dai abu biyun da suke riƙe da gona.

Na farko, ka ɗaura maganin a jikin abin da ba ka taɓa tsallakewa. Musulmi yana da salla biyar da ba sa motsi: ƙwayar safe bayan asuba, ta dare bayan isha'i. Kirista ya haɗa ta da addu'ar safe ta iyali. Wanda ba ya fita sai ya sha shayi, ya ajiye maganin kusa da gwangwanin sukari, a sama inda hannun yaro ba ya kai. Maganin tibi an fi so a sha kafin a ci komai, saboda haka shi ya riga shayin. In azumi ya zo, kada ka yanke wa kanka hukunci a ɓoye. Zo mu zauna mu gyara lokacin, yawancin magunguna ana iya mai da su tsakanin buɗa-baki da sahur.

Na biyu ya fi wuya, shi ne kuma ainihin maganata. Ka zaɓi mutum ɗaya ka ba shi izinin tambayarka. Ka faɗa masa da bakinka: "Ina shan magani wata shida. Kowace rana ka tambaye ni, in na ce na sha, ka ce in nuna maka kati." Wannan ba dabarata ba ce. Tun shekarun 1990 Hukumar Lafiya ta Duniya ta gina yaƙi da tibi a kan haka, a ce wani yana kallo lokacin da mara lafiya yake haɗiye ƙwayarsa. Ba lalle ma'aikacin asibiti ba. Mai kanti na bakin hanya zai iya, ladan zai iya, dattijon ikkilisiya ko shugabar zumuntar mata za su iya. A ganina wanda ya fi dacewa shi ne wanda kake jin nauyinsa kaɗan. Aboki na wasa zai yi dariya ya ƙyale ka. Ɗanka ƙarami ba zai iya tsare ka da ido ba. Mace takan ji nauyin matsa wa mijinta, sai fa in shi ya ba ta izini a gaban wani babba, wanda kuwa ya yi haka ya yi dabara.

Za a ce mini, "Malama, ciwo sirri ne. In aka ji ina da tibi, wa zai ci abinci da ni, wa zai auri 'yata?" Wannan tsoro na gaskiya ne, ban raina shi ba. Shi ya sa na ce mutum ɗaya, ban ce a yi shela a kasuwa ba. Amma a sani, wanda ya riƙe maganinsa sosai, bayan makonni kaɗan da wuya ya sa wa wani. Wanda ake gudu bai kai wanda yake ɓoyewa haɗari ba. Kuma ku limamai da fastoci, a nan aikinku yake. Kuna wa'azi a kan amana da kamun kai kowane mako. Ku faɗa wa jama'a a fili cewa ƙarasa magani yana cikin amanar, kuma wanda aka ba sirrin mara lafiya ya kai shi dandali ya ci amana.

Akwai wata magana da ta fi wannan nauyi, ba zan kauce mata ba. Wani zai ce, "Kuna ta faɗa mana horo, horo. Mu a kambo muke. Ba famfo, ba rijiya, tur'a ce ruwan shanmu, ita ce wurin wankinmu. Wane horo ne zai hana tsargiya?" Gaskiyarsa. Tsutsar tsargiya ta fata take shiga, ba ta tambayar halin mutum. Mai buɗe ruwa a abu ishirin dole ya tsoma ƙafa. Kuma mun ga abin da hukuma take iyawa in ta tashi: a 1979 aka fara Aikin Lafiya na Shuɗin Nilu da taimakon Hukumar Lafiya ta Duniya, aka shekara goma ana feshin gidaje, ana kashe dodon koɗi a tur'o'i, ana raba magani, ana gyara ruwan sha. Zazzaɓi da tsargiya suka ragu ƙwarai a Jazira. Da aikin ya ƙare kuɗi suka yanke, cikin 'yan shekaru zazzaɓin ya dawo da ƙarfinsa. Wato hukuma ma ta yanke wa audugarta ruwa don ta ga ta yi kore. Ruwa mai tsabta haƙƙin mutanen kambo ne kamar na kowa, a ci gaba da nemansa da murya ɗaya.

Amma kafin famfo ya zo, akwai abin da yake hannunmu. Ƙwan tsargiya daga fitsari da bayan gidan mutum yake fita. In ya faɗa ruwa ya ƙyanƙyashe, ya shiga ƙaramin dodon koɗi, bayan makonni ya fito dubbai yana neman fata. In ƙwan bai kai ruwa ba, zancen ya ƙare a nan. Saboda haka masai ɗaya da aka haƙa nesa da tur'a, aka kuma hana yara tsugunawa a bakin ruwa, ya fi kwalin magani. Tsutsar da ta fito daga dodon koɗi ba ta wuce kwana biyu da rai in ba ta sami mutum ba: ruwan wanka da aka ɗebo aka bar shi kwana biyu a ganga ya kuɓuta daga gare ta. Na sha kuwa a tafasa ko a sa kulorin, musamman tun da kwalara ta sake ɓullowa a ƙasar a 2024, a rufe randa, a rataye moɗa ɗaya mai dogon hannu. Tsakar rana ne tsutsar ta fi yawa a ruwa, daidai lokacin da yara suka fi son iyo. Ƙwayar firazikwantel tana kashe tsutsar da ke jiki a sha ɗaya, amma ba ta hana sabuwa shiga gobe. Irin tsargiyar hanji kuma ba ta nuna jini a fitsari, shiru take cin hanta shekara da shekaru, sai ran da saifa ta kumbura mutum ya yi aman jini. Wannan ba aikin gida ɗaya ba ne. In gida tara sun haƙa masai na goma ya ƙi, tur'ar duka ta ɓaci. A nan ma sai da mai tambaya, kuma shehun kambo ko mai unguwa shi ya kamata ya zama shi.

Haka takalmi. Ciwon nabit, wanda yake kumbura ƙafa yana fitar da 'yan ƙwayoyi kamar tsaba, ta sukar ƙaya yake shiga, kuma Jazira da Sinnar suna cikin wuraren da ya fi yawa a duniya. Cibiyar bincikensa da aka kafa a Soba, Hartum, a 1991 ta ga dubban marasa lafiya, da yawa sun iso a makare har sai da aka yanke ƙafa, domin kumburin ba ya ciwo da fari. Takalmi rufaffe a gona, da kawo kowane ƙullutu mara ciwo a duba shi tun yana ƙarami. Maganinsa ma na watanni ne masu yawa.

Mu ma'aikata ba mu fita daga wannan doka ba. In mun ce a dawo ranar Talata, wajibi ne a same mu ranar Talata. Kuna da iko ku tambaye mu sunan maganin da muka ba ku, da kwana nawa za a sha, da abin da za a yi in an yi amai bayan sha. Ma'aikacin da ya ji haushin tambaya, shi ne da laifi. In magani ya yanke a wurinmu, haƙƙinku ne mu faɗa muku tun da wuri, mu kuma nuna muku inda za a samu.

Tun da yaƙi ya tashi a Afrilun 2023, musamman da aka watse daga Wad Madani a Disambar shekarar, mutane da yawa sun yanke magani ba da sonsu ba. In kana cikinsu, ba wanda zai yi maka faɗa. Kada ka ci gaba da tsofaffin ƙwayoyi da kanka, kada kuma ka sayi rabi a kasuwa. Ka zo da katinka in yana nan, ko kwalin da ya rage, ko da babu komai a ciki, domin sunan da ke jikinsa zai gaya mana inda ka tsaya. Mai tibi za a sake duba majinarsa kafin a san da wane magani za a koma. Ka taho tare da mutumin da ka zaɓa ya riƙa tambayarka, mu rubuta sunansa a bayan katin, mu nuna masa inda ake sa alama kowace rana.