Tsohon Doki Sai Mai Shi: Yadda Ya Kamata A Yi Wa Tsohuwar Akori-kura Kuɗi



Duk mai bin hanyar Zariya daga Kura zuwa Kwanar Gafan ya san su: tsofaffin akori-kura a gindin bishiya, an ɗora galan a kai, watau na sayarwa ne. Wata sai ta shekara a nan, tayoyi su sace, kaji su mai da ita akurki. Dalili ɗaya ne, mai ita ya faɗi kuɗin da ke ransa, kasuwa ta ce albarka.

Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ruwa ya biyo kanal zuwa Kadawa da Kura da Bunkure, motocin nan ba su huta ba. Kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa mota a Kaduna a 1975, kuma 404 da 504 sun ɗebi tumatir da albasa da shanshera abin da ba ya ƙirguwa. Sun ci a yaba musu. Amma mai saye ba ladan aikin da ta yi a baya zai biya ba. Aikin da ya rage a jikinta yake saye, kuma a ganinmu a kan wannan kaɗai ya kamata a yi mata kuɗi.

Kada kowa ya dogara da mita. Ta tsofaffin nan gida biyar gare ta, in ta kai kilomita 99,999 sai ta koma sifiri, wata kuwa wayarta ta tsinke tun tuni. Kuma kilomita ɗaya a kan burjin bakin kanal, da lodi har sama, ya fi goma a kan kwalta cin mota. Ku leƙa ƙarƙashi. Ruwan tumatir da takin zamani suna cin ƙarfen bodi, lodi yana kwantar da sifirin, ramuka suna tsaga shasi. A tashe ta da sanyin safiya kafin inji ya ɗumama. In hayaƙi ya fito shuɗi-shuɗi, tana shan baƙin mai, sauke inji na tafe. In an buɗe lagireto an ga mai yana yawo a kan ruwa, magana ta girma. Inji ana canza shi. Shasin da aka yi wa walda sau uku kuwa, sai haƙuri.

Ga lissafin, bi da bi. Da farko a nemi kuɗin da aka sallama 'yar'uwarta lafiyayya a watan nan. Sallamawa muka ce, ban da tayin baki. Na biyu, a kira bakanike wanda ba na mai saye ba, ba na mai sayarwa ba, ya lissafa gyara a gaban kowa, a tambayo kuɗin kayan a Ƙofar Ruwa. Na uku, a cire wani abu domin kwanakin da za ta yi a gareji ba ta kawo ko kwabo, da ciwon da ba a gani sai an kwance. A misali, a ce lafiyayya naira miliyan 3 ce. Inji zai ci dubu 600, taya da batir da sifirin dubu 300, zaman gareji da ɓoyayyen ciwo dubu 200. To, kuɗinta miliyan 1 da dubu 900 ke nan. In abin da ya rage bai ɗara tayin 'yan gwangwan da masu sayen kayan gyara ba, mota ta ƙare, a sayar da ita gunduwa-gunduwa a huta. Kafin duk wannan kuwa a duba takardu, lambar inji da ta shasi su dace da abin da ke rubuce. Motar da ba ta da takarda, ko da araha, rigima ce.

Mai mota zai ce, "Ai komai ya yi tsada, sabuwa ba ta sayuwa." Gaskiyarsa. Tun 2023, da aka janye tallafin man fetur, darajar naira kuma ta faɗi, kuɗin mota ya tashi har da tsofaffi. Amma fa kayan gyara su ma sun tashi, kuma mai shan mai kamar raƙumi ba ta da farin jinin da, ga babur mai ƙafa uku yana shiga lungun gona da ɗan mai kaɗan. Tsadar ta taɓa kowane gefe na lissafi.

Sai lokaci. Mai son sayarwa ya fito da ita bayan girbin shinkafar damina, kuɗi na hannun manoma, kafin tumatir ya ɓarke a watan Janairu. A lokacin mai saye yana hangen zai fanshe kuɗinsa kafin Afrilu. In aka bari kasuwar tumatir ta watse, ruwa ya sauka, hanyoyi suka yi taɓo, sai kwantai. Shekarar da tsutsa ta cinye tumatir, kamar 2016, masu saye ma ɓacewa suke yi.

Ku kuma dillalai, ga taku. Ku bar shafa fenti a kan tsatsa, da zuba mai mai kauri don a rufe bakin inji. Babin ciniki na Risala ya hana ɓoye aibi, kuma in aibi ya bayyana mai saye yana da ikon mai da kaya. Ko ba wannan, Kura da Bunkure ba Ikko ba ne. Wanda ka cuta yau, da shi za ku haɗu gobe wajen awon shinkafa, kuma la'adar rana ɗaya ba ta kai sunan shekara ashirin ba. Faɗi aibinta a gaban shaidu, a rubuta, a rage kuɗi. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, ba zai dawo da ƙara ba.

Allah ya ba da kasuwa mai albarka, amin.