Tukunyar Tururi Ba Ta Fashewa Sai Ta Yi Gargaɗi

Da misalin ƙarfe biyu na daren 27 ga Afrilu, 1865, wani jirgin ruwa mai suna Sultana yana keta kogin Mississippi a Amurka, kimanin mil bakwai arewa da birnin Memphis, sai uku daga cikin tukwanen tururinsa huɗu suka fashe. Doka ta ba jirgin damar ɗaukar mutum 376 ne, amma a daren nan akwai fiye da mutum 2,000 a cikinsa, akasarinsu sojojin da aka sako daga sansanonin fursunoni bayan yaƙin basasa, suna hanyar komawa gida. Fiye da mutum 1,000 suka halaka. Labarin bai yi amo ba a lokacin, domin hankalin jama'a yana kan kisan Shugaba Lincoln.

Abin da ya sa na ɗauko wannan tsohon labari shi ne abin da ya faru kwanaki kaɗan kafin haɗarin. Lokacin da jirgin ya tsaya a Vicksburg an ga ɗaya daga cikin tukwanen tana yoyo. Makanikin da aka kira ya ba da shawarar a cire farantin ƙarfen da ya lalace a sa sabo, aikin da zai ci kwanaki. To amma gwamnati tana biyan kuɗi ne a kan kowane soja da aka ɗauka, kuma idan aka tsaya gyara wasu jirage za su kwashe fasinjojin. Sai aka liƙa faci wanda bai kai kaurin jikin tukunyar ba, aka loda mutane, aka kama hanya a kogin da ya yi ambaliya. A ganina wannan shawara ita ce mafarin haɗarin.

Mutane da yawa suna zaton tururi ne kaɗai abin tsoro a cikin tukunya, alhali ruwan ya fi shi haɗari. A buɗaɗɗiyar tukunya ruwa yana tafasa ne a digiri 100. Idan aka rufe shi aka bar matsi ya ninka na iska sau goma, zafinsa yakan kai wajen digiri 180 yana nan a ruwansa, domin matsin ya hana shi zama tururi. Da zarar jikin tukunya ya tsage sai matsin ya zube, wani ɓangare na ruwan ya rikiɗe zuwa tururi nan take. Shi kuwa tururi yana neman wuri kimanin sau 1,600 na ruwan da ya haife shi. Wannan kumbura ta ƙiftawar ido ita ke yaga ƙarfe, ta ɗaga rufin gini.

Saboda haka tambayar ita ce, me ke sa ƙarfen ya tsage? Babban dalili shi ne ƙarancin ruwa. Ruwan da ke cikin tukunya shi ke ɗauke zafi daga farantin da wuta ke lasa. Idan ya ja baya har farantin ya bayyana, sai ƙarfen ya yi ja, ya yi laushi, matsi ya ture shi. Laka da gishirin da ke daskarewa a jikin bututu su ma aikin nan suke yi, domin suna shiga tsakanin ƙarfe da ruwa su hana zafi wucewa. Ruwan Mississippi kuwa mai laka ne. Sai tsatsa, wadda ke cin ƙarfe a hankali, musamman a mahaɗar da aka ɗinke da ƙusoshi.

Akwai kuma dalilin da ya fi kowane ban takaici, wato hannun ɗan Adam a kan bawul ɗin kariya, wanda aikinsa shi ne ya buɗe da kansa ya saki tururi idan matsi ya wuce kima. A 1831 kan jirgin ƙasa mai suna Best Friend of Charleston ya fashe saboda mai hura wutarsa ya gaji da ƙarar bawul ɗin ya danne shi. Raunin da ya samu shi ya yi ajalinsa. Ina zaton ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya bayyana masa ma'anar ƙarar nan.

Wani zai ce mafita ita ce a samu ma'aikaci mai lura. Gaskiya ne, kuma ƙa'idojin ba su da wuya: ya riƙa duban gilashin awon ruwa, ya tabbatar gilashin bai toshe ba, ya fitar da lakar ƙasan tukunya a kai a kai, ya gwada bawul. Idan ruwa ya ɓace daga gilashi kuwa, wuta zai kashe, kada ya kuskura ya tura ruwan sanyi kan ƙarfen da ya yi ja. Sai dai lura ba ta ganin tsagar da ke ɓoye a cikin mahaɗa, kuma ma'aikacin da albashinsa ke hannun mai masana'anta da wuya ya iya tsayar da aiki a lokacin da kasuwa ke ci. Tarihi ya nuna cewa haɗurran sun ragu ne lokacin da aka kawo mai dubawa daga waje. An kafa kamfanin inshorar Hartford a 1866 a kan wannan tunani: wanda zai biya diyya shi zai fi kowa son a duba tukunya. Bayan fashewar masana'antar takalma ta Grover a Brockton a 1905, wadda ta kashe mutum 58, jihar Massachusetts ta kafa dokokin tukwanen tururi a 1907, sannan ƙungiyar injiniyoyi ta ASME ta kammala kundin ƙa'idojinta a 1914.

Jirgin ƙasa mai tururi ya iso Kano a 1911, kuma tuni zamaninsa ya wuce, amma tukunyar ba ta bar mu ba. Masana'antun gumin shinkafa da suka yawaita a Arewa suna dogara da ita, wasu ma da ƙaiƙayin shinkafar suke hura ta. Dokar masana'antu ta Nijeriya ta wajabta a riƙa duba irin waɗannan tukwane lokaci-lokaci. Damuwata tana kan ƙananan wurare, inda ake sayen tsohuwar tukunya ko a ba mai walda ya haɗa, sannan a miƙa ta ga yaron da bai taɓa samun horo ba, littafin umarnin kuma da Turanci yake, in ma akwai shi. Yarda da ƙaddara ba ta ɗauke wa mai wuri nauyin gwada tukunyarsa da matsin ruwa kafin ya hura mata wuta ba.

A nan nake ganin sassan koyar da Hausa suna da aiki. Ya kamata su haɗa kai da tsangayoyin injiniya su daidaita kalmomin wannan fanni, su fitar da taƙaitaccen umarni da boko da ajami wanda za a manna a bangon ɗakin tukunya, daidai inda idon mai hura wuta zai faɗa kansa kowace safiya.