Duhun samanmu dukiya ce, kada mu bari ta salwanta

Wani bincike da aka wallafa a 2016 ya nuna cewa kusan kashi 60 cikin ɗari na mutanen Turai ba sa iya ganin farin zirin taurarin nan da ke ratsa sama da dare, saboda hasken fitilu. A Nijar kuwa, fita kaɗan daga Tahoua ko Damagaram ta isa mutum ya gan shi ƙarara. Amma hotunan sararin samaniya da matasanmu ke yaɗawa a Facebook, kusan duka daga waje suke zuwa. A ganina, rashin sani ya fi rashin kuɗi hana mu.

Ba sai da babban madubin hangen nesa ake farawa ba. Kyamara mai sauya gilashi da ƙafa uku mai ƙarfi sun isa a ɗauki Kaza da Ƴaƴanta, ko gajimaren Oriyon, ko tarin taurarin Andromeda, wanda haskensa ya yi tafiyar shekara miliyan 2.5 kafin ya iso gare mu.

Sai dai aikin na da wuya, kuma gara a faɗa tun da wuri. Duniya na juyawa digiri 15 a kowace awa, don haka da gilashin milimita 50, idan aka wuce daƙiƙa 10 taurari sun fara zama layi. Mafita ita ce a ɗauki gajerun hotuna da yawa, a haɗa su da manhajar kyauta irin su Siril ko DeepSkyStacker. Hoto 100 na rage dishi-dishi sau 10, ba sau 100 ba. Mahaƙurci mawadaci.

Wanda ya sayi na'urar bin juyawar sama, dole ya saita ta da tauraron arewa. A Maradi da Yamai tsayinsa bai kai digiri 14 ba, daidai inda ƙurar hunturu ta fi kauri. Damina ta zo da gajimare, bazara kuma ta zo da zafin da ke ƙara wa kyamara dishi-dishi. Lokacin da ya fi dacewa shi ne Oktoba da Nuwamba, a daren da babu farin wata. Sannan ga tsaro: kada kowa ya shiga daji shi kaɗai da dare, a tafi a ƙungiya, da sanin mai gari.

Duk da haka muna da abin da wasu ba su da shi. Dunƙulen taurarin Omega Sentauri, mai ɗauke da miliyoyin taurari, yana hawa kusan digiri 29 a kudancin samanmu, alhali mazaunin Paris ba zai taɓa ganinsa ba.

Saboda haka ƴan'uwa mazauna waje, idan za ku aiko wa ƙannenku tsaraba, ku bar ƙananan madubban wasan yara masu rawa. Tsohuwar kyamara mai kyau da ƙafa uku sun fi amfani. Su kuma magadan gari, fitilun titi masu aiki da hasken rana alheri ne, amma a sa masu murfi su haska ƙasa, inda mutane ke tafiya. Turai ta rasa duhunta kafin ta san darajarsa. Mu har yanzu muna da zaɓi.